Gadagin da Kowa Ya Bari

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka raɗa wa ɗan Baffana suna, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mutum kusan arba'in da suka ɗauki nauyin tuna mini. Sai dai domin mai karatu ya fahimci yadda mai takardar digiri a fannin kiwon dabbobi ya jefa kansa cikin abin da na jefa kaina, wajibi ne in ɗauko zancen daga tushe.

A birnin Sakkwato aka haife ni, a can na girma, a can na yi karatu. Ƙauyen mahaifina kuwa yana ƙasar Bagudo, dab da iyakar Benin, ta yadda idan ka tsaya a bakin gari wayarka takan yi maka maraba da Faransanci. Kafin in kammala hidimar ƙasa zuwana ƙauyen bai wuce sau huɗu ba, kuma kowanne na kwana biyu ne. Da na kammala, na aika takardar neman aiki wurare goma sha ɗaya (na lissafa su), ba wanda ya amsa, sai na yanke shawarar komawa gida in yi kiwon zomaye. Na sayi mata shida da maza biyu, na ɗora kejinsu a kan mota, na sauka a gidan ƙanen mahaifina, Baffa Umaru, manomin shinkafa mai tumaki goma sha biyar.

Baffa ya saurari bayanina har ƙarshe, wanda hakan ba ƙaramin haƙuri ba ne. Sannan ya ce, "Ga hili nan bayan garke, yi abin da kaka so. Amma ka ji da kyau: harawata ta tumakina ta. In rani ya yi kat taɓa ko dami guda, to ka kwashe ɓerayenka ka koma Sakkwato."

(Ɓerayen nan su ne zomayena. Ban gyara masa ba, domin a gidansa nake kwana.)

Sharaɗin ke nan, kuma a kansa komai ya rataya. Idan na tara wa zomaye abincin da zai fitar da su rani ba tare da na taɓa harawar waken Baffa ba, na zauna. Idan na kasa, in koma birni in ci gaba da rubuta takardu.

A gidan akwai Kaka Hajo, mahaifiyar su Baffa, wadda ta haura shekara tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika, ni ne angonta, kuma tun ranar da na sauka take gwada ni da marigayi kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni. Da ta leƙa kejin ta ce, "Tsohon mijina da shanu yaz zo mini. Kai ko, Ango, ka zo da masu dogon kunne. Mi zan yi da su, in tatsa?"

Zuwa watan Agusta zomaye takwas sun zama ashirin da uku. Na zauna na yi lissafi, na ga cewa daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwarsa ina bukatar aƙalla dami sittin na busasshiyar ciyawa. Ba kuma kowace ciyawa ba. Na san duman kada da zaƙami da tumfafiya guba ne ga zomo. Na san ba a yanka a gefen gonar shinkafar da aka yi wa feshin maganin ciyawa. Abin da nake nema shi ne gadagi, wato wannan ciyawa mai ƙananan ganye da ke shimfiɗa a ƙasa, wadda dabba ke ƙiba da ita kusan kamar harawa, sai kuma yaryaɗi da harkiya domin ƙari.

Abin da littattafaina ba su faɗa mini ba shi ne, kowa a ƙauyen ya san gadagi, kuma kowa ya riga ni tashi. A ƙarshen damina masu raguna da masu kai wa kasuwar Bagudo sukan bi shi lungu-lungu. Ina fita da laujena da buhu, sai in tarar da wurin kamar an yi masa aski. Mako uku na yi ina yawo, abin da na haɗa dami bakwai ne.

Ta fuskar busarwa dai, ba yabon kai ba, ba wanda ya fi ni. Ba na shanyawa a rana tsaka, domin ganyen yakan ƙone ya kakkaɓe, a bar mutum da kara. Na kafa rumfa, ina baza ciyawar a inuwarta a kan zana, ina juyawa sau uku a yini, ina murɗa ta a hannu domin in ji ko da sauran danshi, kada ta yi fumfuna. Idan ta bushe tana nan koriya, sai in ɗaure ƙananan dammuna in ɗora a sama saboda gara. Ina da ilmin busar da dami sittin. Dami sittin ɗin ne ba ni da shi.

Wata safiya bayan sallar asuba na ce bari in bi burtalin shanu da ya yi yamma wajen iyaka, inda ban taɓa zuwa ba. Na yi tafiyar kusan rabin sa'a, na wuce wasu manyan tsamiyoyi biyu, sai na ga wani ɗan tudu mai itatuwan kurna. Da na hau, sai da na ajiye buhu. Gadagi ne shimfiɗe kamar katifa, ga yaryaɗi ya hau kowane reshe, ga harkiya ta kai gwiwa, kuma babu alamar lauje ya taɓa sauka a wurin.

Na ciro littafin da nake rubuta bincikena. Har yanzu yana nan, kuma ga abin da na rubuta da hannuna, ban sauya ko harafi ba:

"Na ɗaya: ƙasar wurin tana da tudu-tudu a jere, dukkansu sun miƙe kudu da arewa. Alama ce ta tsohuwar gonar dankali. Na biyu: akwai tsingaron tukwane da yawa. Alama ce ta kufai. Na uku: burtali ya zo daidai wurin ya karkace, makiyaya ba sa barin shanu su shiga. Dalili: rashin sanin darajar gadagi. Na huɗu: ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore. Akwai abin da ke ciyar da wannan ƙasa daga ciki. A bincika."

(Ina roƙon mai karatu, idan ya riga ya gane, ya yi mini uzuri. Ni a lokacin digiri ne ya tsaya tsakanina da ganewa.)

Na ƙudura cewa ba wanda zai ji labarin wurin sai na gama cika rumfata. Kullum da an sallame asuba sai in zame ta bayan masallaci, in yi yanka har rana ta ɗan ɗaga, in zauna ƙarƙashin wata kurna mai karkataccen reshe in ci ƙosaina, sannan in shigo gida ta ƙofar garke. Sau biyu ko uku wani makiyayi ya hango ni daga burtali, ya tsaya, ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Na ɗauka sana'ata yake sa wa albarka, na ɗaga murya na ce amin.

Kaka Hajo ce kaɗai ta tambaya. Ta tarar da ni ina juya shanya, ta ɗebi kaɗan ta sansana.

"Ango, ina kaka samo wanga gadagi? Mata sun ce ya ƙare ko'ina."

"Kaka, wannan sirrin bincike ne. Za a bayyana shi idan lokacinsa ya yi."

"To, Allah shi kai mu. Tsohon mijina ma yana da ɓoye-ɓoye, amma shi goro yaka ɓoyewa, abin da mutum ka ci."

A cikin waɗannan kwanaki ne Malam Liman ya yi wata nasiha bayan sallar Juma'a. Ya ce labari ya iso masa cewa akwai wani matashi, bawan Allah, da ke zuwa tsohuwar maƙabarta kowace safiya yana share ta shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba, bai nemi a gode masa ba. Ya ce irin wannan aiki na ɓoye shi ne aiki. Maƙabarta ɗaya na sani a ƙauyen, wadda ke gabas, don haka na ɗauka wani sashenta ake nufi. Na gyaɗa kai tare da jama'a, har na ji a raina cewa ya kamata in nemi wannan matashi mu yi abota, domin masu tashi da wuri irinmu ba su da yawa.

Cikin kwana goma sha tara rumfata ta ɗauki dami sittin da uku. Na ƙirga sau biyu. Sharaɗin Baffa ya cika har da rarar uku, kuma sai ga shi matarsa ta haihu, aka sa ranar suna. Na ga babu lokacin da ya fi wannan dacewa da bayyana sakamakon bincike.

Da safiyar sunan an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan'uwa sun zo daga Zagga da Matsinkai da Sharabi, har da Malam Yakuba, wani surukin Baffa da ke zaune a ƙetaren iyaka, wanda Dendancinsa ya fi Hausarsa sauri. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, ana raba goro da dabino, sai na miƙe da babbar riga, dami ɗaya a hammata, littafi a hannu, na nemi izinin magana.

"Ya ku iyayena da yayyena," in ji ni (na kwana uku ina tsara wannan jawabi, babu kalmar Turanci ko ɗaya a cikinsa), "na tsaya a gabanku ne ba domin in nuna na fi kowa sani ba, sai domin ilmi amana ne. Abin takaici ne a ce kuna tsere kan gadagin bakin hanya, alhali an bar arziki a bayan garin nan shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye shi."

Na miƙa damin, ya zagaya hannu-hannu. Dattawa suka murza, suka sansana, suka yaba. Wani ya ce rabon da ya ga gadagi mai wannan ganye tun yana saurayi. Baffa kansa ya ɗan gyara zama irin na wanda ɗansa ya fitar da shi kunya. Na yi bayanin shanyar inuwa da juyi uku, na kuma sanar cewa zomayena sun yi mako biyu suna cin wannan ciyawa, gashinsu har ƙyalli yake yi.

Malam Yakuba ya ce, "Yaro, wanga abu ya yi kyau. Ina wurin yake?"

Tambayar da nake jira ke nan. Na buɗe taswirar da na zana da alƙalami mai launi biyu, na ɗaga ta sama.

"Idan aka bi burtalin yamma, aka wuce tsamiyoyi biyu, akwai wani tudu a hannun dama."

Na lura masu tauna goro sun daina taunawa, amma na ɗauka natsuwar sauraro ce.

Malam Liman ya ce a hankali, "Tudun ga, akwai tsingaro bisa nai?"

"Ƙwarai kuwa, Allah gafarta Malam. Na ma rubuta shi. Kufai ne."

"Akwai wata kurna da reshenta yak karkata?"

"Ai ƙarƙashinta gadagin ya fi kauri. A nan nake zama in ci ƙosaina idan na gaji."

Liman ya dube ni, ya dubi Baffa, ya sake dubana. Ya ce, "Ashe kai na."

"Ni ne wa, Malam?"

"Matashin da niy yaba ran Juma'a."

Ban gane ba ko a nan. Har na fara murmushi, domin na ji kalmar yabo. Baffa ne ya ajiye damin a ƙasa da hannu biyu, kamar mai ajiye jariri, ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ƙarƙashin kurnar da kaka cin ƙosai, nan munka ruhe Baba."

Daga baya na ji sauran bayanin. A da can garin yana kusa da wannan tudu, ruwa ya matsa wa mutane suka taso zuwa inda suke yanzu, aka buɗe sabuwar maƙabarta a gabas. Kakana yana cikin na ƙarshen da aka binne a tsohuwar. Tudu-tudun da na kira gonar dankali kaburbura ne. Tsingaron kuwa na tukwanen da ake rufe kabari da su ne. Yaro ɗan shekara biyar a ƙauyen ya san wannan. Shanu ma, kamar yadda na rubuta da kaina, sun sani.

Amma a wannan lokacin ba bayani nake ji ba. Ina tsaye ne da taswira a sama, hannuna ya ƙi saukowa. Can sai Malam Yakuba ya faɗi wata gajeriyar magana da Dendanci, rabin tabarmar suka kife da dariya, sauran rabin suna salati suna danne tasu. Har yau ba wanda ya yarda ya fassara mini abin da ya ce, kuma na daina tambaya.

Liman ya tsawatar, sannan ya yi hukunci cikin adalci. Ya ce wanda bai sani ba ba shi da laifi, ciyawa kuma ciyawa ce, dabba za ta iya ci. Amma daga yau kada in sake shiga wurin da lauje, in zan shiga in shiga da sallama da addu'a. Na fara naɗe taswirata, sai Baffa ya ce, "Malam ya hwaɗi na shari'a, ni ko ga na gidana. Wanga gadagi ba ya kwana bisa rumfata."

Haka na cire babbar riga na ari amalanke. Dami hamsin da shida, sahu huɗu, da rana tsaka, ta tsakiyar gari, a ranar da gari ya cika da baƙi. Na jibge su a gindin tsamiyoyin nan biyu. Duk matar da na wuce sai ta ce, "Sannu da ziyara, Malam," cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Kafin sahu na uku wani ya riga ya raɗa mini suna, Wanzamin Kakansa, wato a rana ɗaya gidan Baffa ya yi suna biyu.

Da la'asar na tsaya a gaban rumfa. Dami bakwai, zomaye ashirin da uku, rani wata bakwai. Ba sai an yi digiri ba kafin a san amsar wannan lissafi. Na fara tunanin wanda zai sayi keji, sai aka ce Kaka tana kira.

Ita nake gudu tun safe. Na shiga ɗakinta na durƙusa, na fara jawabin ban-haƙuri da na tsara a hanya, ta ɗaga mini hannu. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Kurnar tana nan?"

"Tana nan, Kaka."

"Tana inuwa?"

"Tana yi. Har ta fi sauran."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafi. Sai kuma ta ɗago, na ga tsohuwar da na sani ta dawo.

"Kishi dai, Ango, kishi dai. Mutum ya yi shekara talatin kwance, bai ce maka komi ba, ka bi shi har makwanci kana janye mai bargo don ɓerayenka. Kuma ka zauna bisa kai nai ka ci ƙosai, ko tayi babu."

"Kaka, wallahi ban sani ba."

"Na tambaye ka ina kaka samowa, kac ce mini bincike. Da ka buɗe baki sau guda, da ban bari kay yi sahu huɗu da amalanke ba."

Ba ta jira in sake magana ba. Ta ce tana da gayauna ta wake da gyaɗa a bayan gida, harawarta tata ce, ba ta Umaru ba, in kwashe duka. Ta ce idan masu dankali na fadama sun yi haƙa, ganyen zubarwa suke yi, in je in yi sallama in roƙa, kada in je musu da taswira. Sharaɗinta ɗaya ne: kowace Juma'a in je wurin kakana hannu sake, in yi masa addu'a, in dawo in gaya mata yadda kurnar take.

Da Baffa ya ga harawar tana hawa rumfata ya buɗe baki zai yi magana, Kaka ta ce daga bakin ƙofarta, "Taka ta?" Ya rufe bakinsa ya wuce garke.

Zomayena sun fita rani, ban rasa ko ɗaya ba, kuma ina ƙauyen har yanzu. Gaskiya ne cewa an shekara ba wanda ya ci naman zomona a garin, sai masu saye daga ƙetaren iyaka, waɗanda ba su da kowa a kan tudun. Gaskiya ne kuma sunan nan bai bar ni ba. Abin da na koya dai shi ne, idan ka ga abu mai kyau a fili, mutane suna kewaye shi, shanu suna kewaye shi, to ka rufe littafinka ka je ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku.

Littafin yana nan, kamar yadda na faɗa. A ƙarƙashin batu na huɗu, inda na rubuta "A bincika", na ƙara kalma biyu da jan alƙalami: "An bincika."